FASHIN BAƘI: Asusun juyi, dabarar da Turai ta gwada don gyaran tsoffin birane da kuɗin da ake sa ran su dawo

A shekarar 2009 al'amura suka cakuɗe wa Lituwaniya, wata ƙaramar ƙasa mai mutum kimanin miliyan uku a gaɓar tekun Baltik. Rikicin kuɗin da ya girgiza duniya ya zaftare kusan kashi 15 cikin ɗari na tattalin arzikinta a shekara guda. Tashar nukiliya ta Ignalina, wadda ke samar da mafi yawan lantarkin ƙasar, an yanke za a rufe ta ranar 31 ga Disamba, domin hakan na cikin sharuɗɗan shigar ƙasar Tarayyar Turai a 2004. Iskar gas ɗin da ake ɗumama gidaje da ita kuwa daga hannun kamfani ɗaya take fitowa, Gazprom na Rasha, kuma shi ke da wuƙa da nama a kan farashi.

A ƙasar da hunturu kan shafe kusan rabin shekara, ɗumama gida magana ce ta rai da mutuwa. Kusan kashi biyu cikin uku na 'yan ƙasar suna zaune ne a manyan benaye masu sassa da yawa, akasarinsu ginin zamanin Tarayyar Sobiyet, lokacin da makamashi ke da arha har ba wanda ya damu da ɓarnarsa. Zafin da aka saya da tsada yana zurarewa ta bango da tagogi da rufi. Bayan rugujewar Sobiyet an sayar wa mazauna sassan da suke ciki da arha, don haka bene guda sai a tarar yana da masu shi hamsin ko tamanin: tsohuwa mai cin fansho, matashi mai sabon aure, da wanda ya tafi ci-rani Ingila ya bar ɗan haya. Gyaran irin wannan gini yana bukatar kuɗi masu yawa a lokaci guda, yana kuma bukatar waɗannan mutane su amince da magana ɗaya.

Gwamnati ta taɓa gwada hanyar da kowace gwamnati ta sani, wato tallafi. Daga 2005 ta riƙa biyan wani kaso na kuɗin gyara kyauta, kason da ya taɓa kaiwa rabi. Ba a daɗe ba nauyin ya fi ƙarfin baitulmali, bankuna kuma suka ɗaure bakin jakarsu da rikicin kuɗi ya kunno kai. A cikin wannan hali ne, a tsakiyar 2009, ma'aikatun kuɗi da muhalli na ƙasar suka rattaba hannu da Bankin Zuba Jari na Turai a kan kafa asusu na yuro miliyan 227. Miliyan 127 daga kason ƙasar ne na kuɗin raya yankuna na Tarayyar Turai, miliyan 100 kuma daga aljihunta. Sharaɗin asusun shi ne kuɗin za su fita rance, su dawo, su sake fita.

Mene ne asusun juyi?

Ɗan kasuwa ya san bambanci tsakanin cin uwar kuɗi da juya ta. Kasafin gwamnati na yau da kullum cin uwar kuɗi ne: a ware biliyan ɗaya, a yi aiki, kuɗin sun tafi ke nan, sai a jira kasafin baɗi. Asusun juyi wata taska ce da ake keɓewa don wani aiki na musamman, a ba da abin da ke cikinta rance, ko a saka shi jari a cikin aikin, ko a tsaya wa mai neman bashi da shi a gaban banki. Idan an biya, kuɗin ba sa komawa babban baitulmali inda za su narke cikin albashi da alawus. A asusun suke zama har wani aikin ya zo ya ɗauka.

Tunanin ya girmi gwajin Turai. A 1987 majalisar dokokin Amurka ta yi wa dokar tsaftar ruwa gyara, ta sa kowace jiha ta buɗe irin wannan asusu don ba garuruwa rancen gina matatun ruwan kwata. Gwamnatin tarayya ke zuba jari, jiha ta ƙara dala 20 a kan kowace dala 100, garuruwa kuma su biya daga kuɗin ruwa da suke karɓa a hannun jama'a. Har yau asusun na aiki.

Tarayyar Turai ta ɗauko dabarar ta kai ta fagen farfaɗo da birane a zangon kasafinta na 2007 zuwa 2013, ƙarƙashin wani shiri mai suna JESSICA, wanda Hukumar Tarayyar ta tsara tare da Bankin Zuba Jari na Turai da Bankin Raya Ƙasa na Majalisar Turai. Doka mai lamba 1083 ta 2006 ce ta buɗe ƙofar: sashe na 44 ya halatta wa ƙasa ko yanki su zuba wani ɓangare na tallafin da suke samu a cikin asusun raya birni, sashe na 78 kuma ya ce abin da ya dawo dole a sake kashe shi a kan ayyukan birane. Galibi akan yi tsarin hawa biyu. A sama akwai uwar asusu, wadda sau da yawa Bankin Zuba Jari ke riƙe wa gwamnati. A ƙasa akwai ƙananan asusai da bankuna ko kamfanonin kula da jari ke gudanarwa bayan sun ci gasar neman aikin. Su ne ke tantance ayyuka, su ba da rance, su bi bashi. An kuma gindaya cewa kowane aiki ya kasance cikin wani cikakken tsarin raya birni mai ɗorewa, don kada asusun ya zama banki kawai mai neman riba. Ƙasashe 11 ne suka shiga shirin.

Shekaru uku kuɗi na kwance

Sharuɗɗan rancen Lituwaniya, a takarda, sun isa su sa mutane su yi layi. Kuɗin ruwa kashi 3 cikin ɗari ne tsayayye, wa'adin biya har shekara 20, ba a neman mutum ya jinginar da sashensa, kuma ana iya ɗaga masa ƙafa wajen biyan uwar bashi yayin da ake aikin. Idan ginin ya kai mizanin rage shan makamashi da aka gindaya, ana yafe kashi 15 cikin ɗari na kuɗin aikin. Ba a bukatar kowa ya yarda. Rinjayen masu sassa ya wadatar, kuma hukuncinsu ya hau kan kowa.

Lissafin da aka ɗora shirin a kansa mai sauƙi ne. Idan an lulluɓe bango da rufi da kayan tsare zafi, aka sauya tagogi da bututun ɗumi, gini kan rage shan makamashi da kusan rabi, wani lokaci fiye. A ƙaddara iyali na biyan yuro 100 a wata a lokacin sanyi. Bayan gyara sai su biya 50, ragowar 50 ɗin ta tafi ga biyan bashi. Ba a ɗora musu sabon nauyi mai yawa ba, ga gida mai ɗumi, ga darajarsa ta ƙaru a kasuwa. Tushen biyan bashin, a wata ma'ana, kuɗin da dama ake ƙonawa ne a banza.

Duk da haka shirin ya tsaya cik. Daga 2005 zuwa 2012, a haɗe tsohon tsari da sabo, benayen da aka gyara ba su kai 500 ba, a ƙasar da ke da fiye da 30,000 masu bukatar gyara. 'Yan adawa suka samu abin yi wa gwamnatin Andrius Kubilius gori da shi, jaridu kuma suka yi ta tambayar ina amfanin miliyoyin da ke kwance a banki alhali tsofaffi na rawar ɗari.

Dalilan tsaikon sun fi sharuɗɗan rancen koyar da darasi. Mutanen da suka ga an zaftare albashi da fansho, suka ga maƙwabta sun rasa aiki, ba sa marmarin jin kalmar bashi, komai sauƙinsa. Tsohon da ya haura saba'in, a ce masa ya sa hannu a kan bashin shekara ashirin, amsarsa sananniya ce. Sannan dukkan ɗawainiyar shirya aikin an ɗora ta ne a kan ƙungiyar masu sassa: su nemo injiniyan da zai auna ginin, su rubuta tsarin kashe kuɗi, su yi ciniki da ɗan kwangila, su fuskanci banki. Shugaban irin wannan ƙungiya galibi wani maƙwabci ne mai aikin sa-kai, wanda bai taɓa karanta takardar kwangila ba.

Akwai kuma wani cikas da gwamnati ta haƙa wa kanta. Masu ƙaramin ƙarfi suna samun tallafin kuɗin ɗumi daga hukuma. Wanda gwamnati ke biya wa mafi yawan kuɗin ɗuminsa, me zai ci a rage shan makamashi? Ribar ta baitulmali ce, ƙura da hayaniyar magina kuma nasa. Ba abin mamaki ba ne da yawansu suka ƙi zuwa taron ƙuri'a, ko suka zo suka ce a'a. Hannun dama na gwamnati na roƙon mutane su gyara gidajensu, hannun hagu na biyan su ladan ƙin gyarawa.

Gyaran 2013

Sabuwar gwamnatin Algirdas Butkevičius, wadda ta hau mulki a ƙarshen 2012, ba ta rushe asusun ba, ba ta kuma ƙara masa wani sihiri ba. Abin da ta sauya shi ne wanda ke ɗaukar ɗawainiya. Aka ba ƙananan hukumomi aikin zaɓo benayen da suka fi ɓarnar makamashi a yankunansu, su shirya musu takardun aiki, su naɗa wani mai gudanarwa, galibi kamfanin kula da gidaje na birni. Mai gudanarwar ne ke karɓar rancen a madadin masu sassa, shi ke bin ɗan kwangila, shi kuma ke tara kuɗin biya wata-wata tare da sauran kuɗaɗen kula da gini da mazauna suka saba biya. Abin da ya rage wa mai sashe shi ne ya kaɗa ƙuri'a. Nauyin biya yana bin sashen ne, don haka idan an sayar da shi sabon mai shi ya gāji ragowar.

Aka kuma toshe kafar tallafin ɗumi ta fuska biyu. Gwamnati ta ɗauki nauyin biyan dukkan kason masu ƙaramin ƙarfi, amma wanda ya ƙi shiga alhali an kawo shirin gininsu, ana iya rage masa tallafin ko a yanke shi na wani lokaci. Wannan mataki ya sha suka, kuma sukar na da tushe: akwai tilas a cikinsa, kuma a kan marasa ƙarfi tilas ɗin ya faɗa. Amma ya yi aiki. A gefe guda aka ƙara wani tallafi na kashi 25 cikin ɗari daga asusun sauyin yanayi na ƙasar ga ginin da ya rage shan makamashi da aƙalla kashi 40.

Cikin ɗan lokaci labari ya juya. Bukata ta zarce abin da ke cikin asusun, har bankin Šiaulių, wanda ya fi kowa rungumar shirin, ya fara haɗawa da kuɗinsa. Asusun farko ya ɗauki nauyin gyaran benaye fiye da 1,000. A 2015 aka buɗe na biyu da yuro miliyan 150, daga baya kuma aka ware wasu kuɗin don tsaya wa bankunan kasuwa su ba da nasu rancen. Kuɗin da masu sassa suka fara mayarwa sun shiga cikin sababbin rance, wato juyin da aka yi alkawari ya tabbata.

Sai dai yana da kyau a duba adadin abin da ke juyawar. A lokacin da shirin ya fi tashe, kashi 40 cikin ɗari na kuɗin manyan ayyukan gyaran kyauta ne, ban da kuɗin shirya takardu da kason marasa ƙarfi da gwamnati ke biya. Daga baya aka rage tallafin zuwa kashi 30. Abin da ya rage ne bashi, shi ma a tsawon shekara 20 zai dawo. Duk wanda ke tallata asusun juyi a matsayin hanyar gyara birni ba tare da gwamnati ta yi asarar ko kwabo ba, misalin da aka fi alfahari da shi a Turai bai goyi bayansa ba. Ko lissafin rarar kuɗin ɗumi ma yana da rauninsa. Ɗumi na wata shida ne, biyan bashi na wata goma sha biyu. Da biranen ƙasar suka koma ƙona ɓaraguzan itace maimakon gas ɗin Rasha, farashin ɗumi ya sauka, rarar da ake biyan bashi da ita ta ragu tare da shi.

Inda kuɗi ke saurin dawowa

A Birtaniya an bi wata hanya dabam. A 2009 Landan ta kafa asusu na fam miliyan 100, rabinsa daga Tarayyar Turai, ta raba shi ga ƙananan asusai masu kula da sarrafa shara, da rage shan makamashi a gine-ginen jama'a, da gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Gidan adana zane-zane na Tate Modern na cikin waɗanda suka amfana. A yankin Manchester kuwa, asusun Evergreen ya karkata ga ba 'yan kasuwar gine-gine rance na gajeren zango, a lokacin da bankuna ke gudun duk wani gini da ba a riga an samu mai haya ba. Tsohuwar masana'antar sabulu ta Colgate-Palmolive da ke Salford da irin wannan rance aka mai da ita ofisoshi. Rance na shekara biyu ko uku yana dawowa da wuri, shi ya sa asusun ya iya juya jarinsa fiye da sau ɗaya cikin 'yan shekaru. A Poland yankuna biyar suka shiga shirin, kuma daga cikin ayyukansu har da sake gina tashar jirgin ƙasa ta Sopot da kewayenta, tare da shaguna da otal.

A nan ne wata matsala ke fitowa wadda ba ta da magani a cikin tsarin kansa. Asusun da aka wajabta wa dawo da kuɗinsa dole ya nemi aikin da ke kawo kuɗi. Ofis yana kawo haya, kasuwa tana kawo haya, wurin ajiye motoci yana kawo kuɗin shiga. Magudanar ruwa ba ta kawo komai. Haka filin wasan yara, da bishiyoyin gefen titi, da lungun da aka shimfiɗa wa dutse a unguwar talakawa. Amfaninsu a bayyane yake, amma ba wata ƙofa da za a tsaya a karɓi kuɗinsa. Don haka idan aka bar mai kula da asusu da lissafinsa, ƙafarsa za ta riƙa kai shi tsakiyar birni inda darajar fili ke hawa, ta kauce wa unguwannin da aka kafa shirin dominsu tun farko. Idan kuma gyaran ya yi nasara har haya ta tashi, mazaunan asali su ne na farko da ke tattara kayansu. Poland ta yi ƙoƙarin rage wannan ta hanyar sauƙaƙa kuɗin ruwa gwargwadon amfanin da aiki ke yi wa al'umma, amma sauƙin kuɗin ruwa ba ya mai da magudanar ruwa abin da zai iya biyan bashi.

Abin da masu binciken kuɗi suka gano

A 2016 Kotun Binciken Kuɗi ta Tarayyar Turai ta fitar da rahoto na musamman mai lamba 19 a kan dukkan asusan irin wannan na zangon 2007 zuwa 2013, na birane da na ƙananan masana'antu. Ta gano cewa da yawansu an cusa musu kuɗi fiye da abin da za su iya rabawa, ladan masu gudanarwa ya yi yawa idan aka kwatanta da abin da ya isa hannun masu bukata, ba su jawo jarin 'yan kasuwa yadda aka yi fata ba, kuma kaɗan ne suka juya kuɗinsu da gaske a cikin zangon.

Dalilin cusa kuɗin ya cancanci a tsaya a kansa, domin siyasa ce tsantsa. Ƙa'idar Tarayyar ita ce ƙasar da ta kasa kashe kasonta a cikin wa'adi ta yi asararsa. Amma a wancan zango, da zarar an zuba kuɗi a cikin asusun juyi ana lissafa su a matsayin waɗanda aka fitar, ko da ba su bar banki ba. Ga ministan da wa'adi ya ƙure masa, wannan mafaka ce: ya zuba kuɗin a asusu, ya sanar da cewa an kashe, mai gudanarwa kuma ya ci gaba da cirar ladansa a kan kuɗin da ke kwance. A zango na gaba aka gyara dokar. Aka wajabta yin binciken bukata kafin kafa asusu, aka koma sakin kuɗi kashi-kashi, ba a ba da na gaba sai an ga inda na baya ya tafi, aka kuma ɗaura wani ɓangare na ladan mai gudanarwa a kan sakamakon aikinsa.

Daga Baltik zuwa Najeriya

Kalmar ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma. Tun taron ministocin lafiya na Afirka a Bamako a 1987 asibitocin gwamnati suka san asusun juya kuɗin magani: a sayo magani da jarin farko, a sayar da ɗan sauƙi, a sake sayowa da abin da aka samu. Inda aka killace kuɗin cinikin, shagon maganin ya rayu. Inda aka riƙa tsoma hannu ana aro don wasu bukatu, kanta ta bushe. Asusun Gidaje na Ƙasa da Najeriya ta kafa a 1992 shi ma a kan wannan tunani aka gina shi: a cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ya ba da rance a kan kashi 6 cikin ɗari, abin da aka biya ya tafi ga na gaba a layi.

Abubuwa biyu ne suka riƙe asusun Lituwaniya waɗanda duk mai son kwaikwayonsa a Kano ko Kaduna ko Legas zai fara nema. Na farko darajar kuɗi ce. Kuɗin ƙasar, litas, a ɗaure yake da yuro, kuma ranar 1 ga Janairun 2015 ƙasar ta koma amfani da yuro kacokan, a shekarun da farashin kaya ba ya wani motsi. Yuron da ya dawo bayan shekara biyar yana iya sayen kusan abin da ya saya ranar da ya fita. A Najeriya hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, a alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. A ƙaddara asusu ya ba da naira miliyan 100 a kan kashi 6, farashi kuma na hawa da kashi 30 a shekara. Bayan shekara guda an dawo da miliyan 106, amma siminti da rodin da miliyan 100 ta saya sun koma miliyan 130. Idan aka maimaita haka sau biyar, ƙarfin asusun ya koma kimanin kashi ɗaya cikin uku, ko da kowa ya biya bashinsa a kan lokaci, ko da ba wanda ya saci sisi. Takardun za su nuna asusu na ƙaruwa, filin aiki kuma ya nuna yana ƙanƙancewa.

Masu ƙyamar kuɗin ruwa saboda addini suna da abin dubawa a nan. Juyi bai dogara da ruwa ba. Asusu na iya mallakar rumfunan kasuwar da ya gina ya ba da su haya, ko ya shiga tarayya da mai aiki a raba riba, kuma haya da riba suna bin farashin zamani ta yadda tsayayyen kuɗin ruwa ba ya yi. Najeriya ta riga ta saba da takardun sukuk, tun wanda jihar Osun ta fitar a 2013 don gina makarantu da na gwamnatin tarayya na naira biliyan 100 a 2017 don hanyoyi.

Na biyu shi ne hanyar karɓar biya. A Lituwaniya kowane sashe yana da rajista da sunan mai shi, kowane wata takardar biyan kuɗi na zuwa ƙofarsa, kuma bashin gyaran layi ɗaya ne kawai da aka ƙara a cikin takardar da ya saba biya. Banki ne ya tantance rancen, ba ofishin jam'iyya ba. Shirin rancen manoma na Anchor Borrowers, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwambar 2015, ya nuna abin da ke faruwa idan wannan hanya ba ta da ƙarfi. Babban Bankin Najeriya ya fitar da fiye da naira tiriliyan ɗaya. A farkon 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin ɗari kawai aka biya. Babban Bankin ya musanta, ya ce kashi 52 ne. Ko a lissafin bankin, kusan rabin kuɗin na waje a lokacin. Ambaliya da rashin tsaro sun taka rawa, haka ma fahimtar da ta yaɗu cewa kuɗin gwamnati kason kowa ne na arzikin ƙasa.

A biranen Najeriya, ayyukan da ke da irin ƙofar biyan da gyaran benen Lituwaniya ke da ita sanannu ne: kasuwar da gobara ta cinye, inda kowace rumfa ke da mai haya, tashar mota mai karɓar kuɗin shiga, lantarkin hasken rana ga layin shagunan da ke ƙona fetur da gas a janareto kullum, inda kuɗin man da aka daina saye zai taka rawar da rarar kuɗin ɗumi ta taka a Vilnius. Magudanan ruwan da ke cika kowace damina a tsoffin unguwanni ba sa cikin jerin. Ko dai a biya su kai tsaye daga kasafi, ko a rubuta a cikin dokar asusun cewa wani kaso na ribar kasuwa da tasha nasu ne, a kuma fayyace wanda zai tabbatar kason ya isa.

Ita kanta Lituwaniya ba ta gama ba. Benayen da aka gyara tun 2013 'yan dubbai ne, mafi yawan na zamanin Sobiyet suna nan yadda suke. Tashin farashin kayan gini a 2021 da 2022 ya sa ayyuka da dama sun tsaya, domin kuɗin da masu sassa suka amince da shi a ƙuri'a ya daina isar ɗan kwangila, sai an sake tara su a sake ƙuri'a a kan sabon adadi. A daidai lokacin ne kuma yaƙin Ukraine ya cilla farashin makamashi sama, mazauna benayen da suka ƙi gyara a 2013 suka fara kwatanta takardun biyansu da na maƙwabtan da ke tsallaken titi.